Wai sai na shiga ƙungiyar 'yan harbi kafin in mallaki ƙaramar bindiga a Jamus?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan. Daren Asabar an sake fasa mini shago, karo na biyu ke nan cikin shekara guda. Ta ƙofar baya suka shiga, suka kwashe ɗan abin da ke cikin durowa, suka haɗa da katan biyu na man shafawa. Ba asarar ce ta dame ni ba. A saman shagon muke kwana, ni da iyali da yara uku, matakala ɗaya ce tsakaninmu da ɓarayin. Wani Bajamushe da ke kawo mana kaya ya ce mini in ina son ƙaramar bindiga bisa doka, hanya mafi sauƙi ita ce in shiga ƙungiyar 'yan harbi, wadda suke kira Schützenverein. Gaskiya ne? Nawa ake biya, kuma wata nawa ake ɗauka? Shekarata bakwai a Hamburg, ban taɓa samun matsala da hukuma ba.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma Baban Ummi, kai da ko ragon layya sai an yanka maka?

Injiniya Dortmund: Allah ya kiyaye gaba, ƙanina. Ni ɗan irin wannan ƙungiyar ne, shekara shida ke nan, bari in gaya maka yadda abin yake. Mai kawo muku kaya rabin gaskiya ya faɗa maka. Ta ƙungiya ake bi, haka ne. Amma bindigar da za ka samu ta wannan hanyar ta wasan harbi ce, ba ta gadin shago ba. Dokar makamai ta Jamus ba ta ɗauki mallakar bindiga a matsayin haƙƙin kowa ba, sai ka nuna buƙata, kuma "ina tsoron ɓarayi" ba ya cikin buƙatun da ake karɓa daga wurin irinmu. Maharbi mai takardar farauta yana da tasa buƙatar, mai tara tsofaffin makamai yana da tasa, ɗan wasan harbi yana da tasa.

Ta ɗan wasa ga yadda take. Za ka shiga ƙungiyar da ke ƙarƙashin babbar haɗaka wadda gwamnati ta amince da ita, kamar DSB ko BDS. Za ka yi wata goma sha biyu cur kana ɗan ƙungiya kana harbi da bindigar aro ta ƙungiyar, ko dai sau ɗaya a kowane wata ba fashi, ko kuma sau 18 cikin shekarar. Akwai ɗan littafi da ake ba ka, duk ranar da ka je mai kula da filin zai rubuta kwanan wata da irin bindigar, ya sa hannu ya buga hatimi. Nawa yana nan, bangonsa duk ya yi baƙi da mai. Ka tsallake wata ɗaya saboda ka je gida hutu, to sai dai ka cike sha takwas ɗin. Bayan haka akwai jarrabawar sanin makami: doka, yadda ake riƙewa, yadda ake sauke harsashi, abin da za ka yi in ta cije. Sai haɗakar ta ba ka takardar shaida cewa lallai kana buƙatar wannan bindigar don wasan da kake yi. Ita za ka ɗauka ka kai ofishin makamai, su kuma su fara nasu binciken.

Baban Ummi: Shekara guda? Yaya Injiniya, ni da nake maganar daren Asabar da ya wuce.

Injiniya Dortmund: Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma shekarar ma ba ita ce ƙarshe ba. Ofishin zai duba kundin masu laifi, ya tambayi 'yan sanda, kuma tun 2020 yana tambayar hukumar leƙen asirin cikin gida ko sunanka ya taɓa fitowa cikin masu tsattsauran ra'ayi. In kotu ta taɓa cin ka tarar da ta kai kuɗin shigarka na kwana sittin a irin lissafinsu, sai ka jira shekara biyar. Mashayi ko mai taɓin hankali ba ya samu. Mai ƙasa da shekara 21 ba ya samun bindiga mai babban harsashi, sai mai ƙaramin harsashin nan na .22, kuma wanda bai kai 25 ba sai ya kawo takardar likitan ƙwaƙwalwa kafin a ba shi mai babban harsashin. Fasfon Jamus ba sharaɗi ba ne, amma suna iya hana wanda bai cika shekara biyar da zama a ƙasar ba. Kai ka wuce nan.

In an gama duka sai a ba ka katin mallaka, WBK. Ƙananan bindigogi biyu ne kason farko, kuma ba ka sayen fiye da biyu cikin wata shida.

Alhajin Zango: Yaro, ka saurari Injiniya. Ni na zo Hamburg daga Kumasi tun kafin a rushe katangar Balin. Abin da bai gaya maka ba shi ne, ranar da ka je ƙungiyar ka buɗe baki ka ce don ɓarayi kake so, ranar za su raka ka bakin ƙofa da fara'a. Ba su son jin wannan kalmar ko kaɗan.

Injiniya Dortmund: Alhaji ya yi gaskiya, kuma na gani da idona. Wani saurayi ya zo mana ranar gwaji, tun bai cire jaket ba yake tambayar yaushe zai samu tasa, kuma wacce ce ta fi ƙarfi. Tsohon da ke kula da filin ranar, wani mai ritaya daga aikin jirgin ƙasa, bai ce masa komai ba. Ya miƙa masa bindigar iska, ya tsayar da shi a mita goma, ya ce ya harba arba'in. Yaron ya yi goma ya ce ya gaji, wannan ai wasan yara ne. Da ya tafi tsohon ya ja layi a kan sunansa, ya ci gaba da shan kofinsa. Ba dole ba ne ƙungiya ta karɓe ka.

Sannan ko ka samu, Baban Ummi, ka san inda za ta kwana? Cikin akwatin ƙarfe mai lambar inganci, wanda tun 2017 aka ƙara tsananta irinsa, kuma ba harsashi a cikinta. Maman Ummi ba ta da izinin sanin lambar buɗewa. Makulli ma ba a rataye shi a ƙusa. In za ka je fili, a cikin jaka mai kwaɗo za ka ɗauke ta, ba harsashi a ciki. Katin mallaka bai ba ka damar sa ta a ƙugu ka sauko shago ba, wannan wani izini ne daban, kuma da wuya ka ga farar hula da shi. Kuma jami'ai suna iya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba sanarwa su ce a nuna musu akwatin. Sun zo mini sau ɗaya ina cikin cin tuwo, suka gwada lambar jikin bindigar da ta katin, minti goma suka tafi. To yanzu ka lissafa: ƙarfe uku na dare, ka ji motsi a ƙasa, ka tashi da magagin barci, ka nemi lamba, ka buɗe, ka ɗura harsashi, yara uku suna bayanka a cikin duhu.

Hajiya Nas: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina danne zuciyata. Malam Injiniya, ka tsara abin kamar wata rariya mai tace kowa. Ni a Offenbach nake aiki, tsakaninmu da Hanau bai kai tafiyar rabin awa ba. Ranar 19 ga Fabrairu 2020 mutum ya bi wuraren shan shisha ya kashe mutum tara, dukansu 'ya'yan baƙi irinmu, ya koma gida ya kashe uwarsa ya kashe kansa. Ɗan ƙungiyar harbi ne. Da katinsa, da littafinsa mai hatimi, da akwatinsa. Watanni kafin nan ya rubuta wa babban mai gabatar da ƙara na tarayya wasiƙa wadda duk wanda ya karanta zai san kan mutumin ba daidai yake ba. Ina tsohon naka mai shan kofi yake a lokacin?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Erfurt, Afrilun 2002, ɗan shekara 19, ɗan ƙungiya, ya shiga tsohuwar makarantarsa ya kashe mutum 16. Winnenden, Maris 2009, ɗan shekara 17 ya ɗauki bindigar ubansa, uban ɗan ƙungiya ne, ya bar ta a ɗakin kwana maimakon akwati, mutum 15 suka tafi. Duk waɗannan dokokin da kake jerowa, ai bayan an zubar da jini aka rubuta su. Ƙarin shekaru da takardar likita bayan Erfurt ne. Zuwa gida ba sanarwa bayan Winnenden ne.

Baban Ummi: Na nan Hamburg ma ina tunawa, na majami'ar Shaidun Jehobah. Ranar muna rufe shago muka ji jiniya ko'ina.

Hajiya Nas: Yawwa, 9 ga Maris 2023. Rai bakwai har da jaririn da ke ciki. Shi ma ta ƙungiya ya bi, a Disambar 2022 ya samu kati, wata uku kacal kafin abin. An rubuto wa hukuma wasiƙa ba suna ana cewa a kula da shi. Suka je gidansa a Fabrairu ba sanarwa, suka tarar komai daidai in ban da harsashi guda a kan akwatin, suka ja masa kunne da baki suka tafi. Wannan shi ne binciken minti goman da ake yabo.

Injiniya Dortmund: Hajiya, ban musa ko ɗaya ba, kuma Hanau ta taɓa ni fiye da yadda kike zato. Sati biyu ban taka filin ba, ina tunanin wa ke tsaye a layin da ke kusa da ni. Amma ki duba ɗaya gefen. DSB kaɗai tana da mutum sama da miliyan ɗaya, ƙungiya ce da aka kafa tun 1861. Mafi yawansu bindigar iska da baka suke harbawa, wasu ma bikin shekara da kaɗe-kaɗe ne ya kawo su. Rariyar tana da huda, na yarda. Abin da nake cewa, shekarar nan ta jira tana korar mai fushi. Wanda aka yi wa laifi ranar Asabar, kamar ƙanina, ba zai riƙe bindiga ranar Litinin ba. Kafin wata goma sha biyu ko dai fushin ya huce, ko ya gaji ya bari, ko ya zama ɗan wasa na gaske. Wanda ba ta kamawa shi ne mai haƙurin mugunta, mai zuwa a kan lokaci, mai gaishe da kowa. Shi kam tsohon jirgin ƙasa ba likita ba ne, sa kai yake yi da yamma, ba a horar da shi ya gane ciwon zuciya ba.

Hajiya Nas: To ai maganata ke nan. An ɗora wa 'yan sa kai aikin da ya fi ƙarfinsu. Me ya sa takardar likita ta tsaya a kan 'yan ƙasa da 25? Na Hanau ya haura arba'in, na Hamburg yana da talatin da biyar. Kuma in wasa ne da gaske, me ya kawo bindigar gida? A bar ta a ƙungiya mana, kamar yadda ake barin kwale-kwale a bakin ruwa.

Injiniya Dortmund: An sha kawo wannan shawarar. Amsar da ake bayarwa ita ce yawancin filayen suna bayan gari, a bakin daji, ba kowa da dare. Ka tara bindiga ɗari a ɗaki ɗaya ka tafi gida, ka yi wa ɓarayi tanadi ke nan. Ban ce amsar ta gamsar da ni gaba ɗaya ba. Maganar likita ga kowa da kowa kuwa, ni da za a tambaye ni zan sa hannu, ko da 'yan ƙungiyarmu za su harare ni.

Malam Birmingham: Mu nan Ingila an huta da wannan gardamar. Bayan harin garin Dunblane na Scotland a 1996, inda mutum ya kashe yara 16 da malamarsu da bindigogin da yake da lasisinsu, sai aka haramta ƙananan bindigogi a 1997, har da ta .22 ɗin. Shi ma ɗan ƙungiyar harbi ne. 'Yan wasan ƙasar da ke zuwa gasar Olamfik sai da suka riƙa fita waje yin atisaye. Ireland ta Arewa ce kawai dokar ba ta shafa ba. Ban ga wanda ya mutu don an hana shi harbin takarda ba.

Ɗan Damagaram: Malam, ku kuma sai aka koma wuƙa.

Malam Birmingham: Da wuƙa ba a kashe mutum 16 cikin minti biyar.

Bagusau: Ku yi haƙuri in sa baki daga gida. Ina karanta ku ina dariyar da ta fi kuka ciwo. Ku kuna gardama a kan hatimi sha takwas, mu nan wanda ke riƙe da AK a daji ba wanda ya tambaye shi littafi. A dokar Najeriya ta 1959 ƙaramar bindiga tana cikin haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Ta farauta mai baki biyu sai Sufeto Janar. Talaka dai sai harba-ka-ruga. A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisi su kare kansu, babban hafsan tsaro ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Shi ke nan maganar ta mutu. Baban Ummi, kai da kake da 'yan sandan da in an kira su suna zuwa, me za ka yi da bindiga?

Alhajin Zango: Bagusau, Allah ya kawo muku sauƙi. Amma abin nan na ƙungiya ba baƙo ba ne a wurinmu in ka duba. Da can maharba suna da sarkinsu. Yaro ba ya tashi ya rataya bindigar toka don ya ga dama, sai ya bi manya daji shekaru yana ɗaukar musu jaka, an ga hankalinsa, an ga ba mai saurin hannu ba ne. Bature ya mayar da shi takarda da hatimi ne kawai.

Ɗan Damagaram: Tambayata ɗaya. Suna karɓar baƙar fata mai suna Abdullahi kuwa? Kuma ba giya ake sha a wurin ba?

Injiniya Dortmund: Sun bambanta. Akwai na gargajiya masu alaƙa da coci, musamman a ƙauyukan yankinmu, masu koren kaya da fareti. A 2014 an yi rikici a wani ƙauye a Werl, wani Musulmi ɗan asalin Turkiyya ya ci gasar ya zama sarkin harbi na shekara, haɗakarsu ta ce ƙa'ida ta Kiristoci ce. Ƙauyen suka tsaya wa mutuminsu, surutu ya yi yawa a jaridu, daga baya a 2017 haɗakar ta sassauta ƙa'idar. Akwai kuma na wasa zalla a cikin birane, irin tawa, ba ruwansu da addininka. Ranar farko an kalle ni, ba zan ɓoye ba. Wata uku ba wanda ya ce mini fiye da sannu. Ranar da na zo aikin gayya na share fili da fentin allunan, ranar aka fara kirana da sunana. Giya kuwa ana sha, amma bayan an kulle makamai. Wanda ya sha ba ya taɓa bindiga, a kan wannan ana iya ƙwace kati. Ni ruwan tuffa nake sha, sun saba.

Abin da ya riƙe ni a wurin ba ƙarar ba ce. Mita 25, hannu ɗaya, ka riƙe numfashi, ka ja kunamar a hankali har harbin ya zo maka ba zato. In ranka a ɓace yake allon zai nuna. Kuma ƙa'idar farko da aka koya mini, kada bakin bindiga ya kalli mutum ko da ka rantse ba komai a ciki, na riga na ji ta a makarantar allo, cikin hadisin da ya hana nuna ɗan'uwa da makami.

Baban Ummi: To in na samu katin sai in daina zuwa? Don gaskiya shago ba ya barina.

Injiniya Dortmund: A'a. Ana sake dubawa bayan shekara biyar, da kuma bayan goma. Sai ka nuna cewa a shekaru biyun da suka gabata kana zuwa, ko sau ɗaya duk wata uku, ko sau shida a shekara. Sai ka haura goma ne zama ɗan ƙungiya kaɗai yake isa. In ka fita kuwa, dole ƙungiyar ta sanar da hukuma, buƙata ta faɗi, sai ka sayar wa mai izini ko ka miƙa.

Alhajin Zango: Yaro, ga tawa. 'Yan sanda suna da ofishin ba da shawara kan fashin gida, kyauta ne. Ka kira su su zo su duba ƙofar bayan nan. Kuɗin akwatin ƙarfe da jarrabawa da harsashin shekara, ka sa su a ƙofar ƙarfe da ƙararrawa da fitila mai kamawa in an gifta. Ka kuma sa ƙofa mai kyau a kan matakalar. Ka duba inshorarka ma, in ba ka gyara ba bayan karo na biyu za su fara yi maka gardama. Kuma kada wani ya ruɗe ka da ta bayan fage a tasha, wannan ɗauri ne, takardar zamanka ma sai ta yi rawa.

Hajiya Nas: Alhaji ya gama magana. Ni dai gidan da ke da yara uku, ban ga abin da zai kai ƙarfen nan cikinsa ba, da akwati ko ba akwati.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe zan kira masu duba ƙofar. Amma Yaya Injiniya, maganar mita 25 ɗin nan ta ɗan shiga raina. Ana barin mutum ya je ya gwada ba tare da ya shiga ba?

Injiniya Dortmund: Ana bari, yawancinsu suna da ranar baƙi. Ka je da katin shaidarka, za su ba ka abin toshe kunne, wani ya tsaya a bayanka. Da ta iska za su fara ka, kada ka raina ta. Ka yi arba'in ɗin duka.

Maman Ummi: Salamu alaikum. Baban Ummi ya manta ina cikin zauren nan. Ƙofa da fitila na yarda. Sauran kuma sai ya hawo sama mu yi magana.

Ɗan Damagaram: Injiniya, a cikin sharuɗɗan da ka lissafa ban ga wannan ofishin ba. Shi wata nawa yake ɗauka?